Tsatsa, Karyar Mai Walda

Akwai wani mai walda da ke da shago a bakin wata babbar hanya, kuma labarinsa da karyarsa na kawo muku yau. Na san wani zai taɓe baki ya ce, kare kuma? Ɗan dakata, karanta zuwa ƙarshe, sannan ka taɓe bakin in ka ga da hali.

Mutumin nan gwani ne wajen ƙera ƙofofin ƙarfe. Shi ne ɗan fari a gidansu, shi ya sa kowa ke ce masa Babba, har masu kawo masa aiki.

An san shi da hali guda. Duk gaggawarka, ba zai rataya maka ƙofa a jikin ginshiƙin da simintinsa bai bushe ba. Ka yi magiya, ka yi faɗa, ka ce za ka kai aikin wani wuri, sai ya ɗage tabarau ɗin walda ya dube ka ya ce ka kai. Ya sha gaya wa mutane cewa ginshiƙi kan yi kyau a ido alhali cikinsa ɗanye ne, in ka ɗora masa nauyi yau, gobe ka tarar da ƙofarka a ƙasa.

Yana da ƙane guda, tela, ana kiransa Auta. Siriri ne mai sanyin magana, irin mutanen da in ka taka su, su ne za su ba ka haƙuri.

Mahaifinsu kafin ya rasu gadi yake yi a wani babban sito na kaya, shekara da shekaru, shi da karyarsa mai suna Baƙa. Duk wanda ya san tsohon ya san Baƙa, ba a ganin ɗaya babu ɗaya.

To, daga nan ciwon ya samo asali. Wata shekara Baƙa ta haihu, sai tsohon ya zaɓi 'yar kwikwiyar da ta fi kyau, mai farar ƙafa ɗaya, ya ɗauka da hannunsa ya kai wa Auta. Babba bai nuna ba, amma abin ya tsaya masa a rai ya ƙi wucewa. Shi ne babba, shi ya fara ɗaukar nauyin gida, shi ya yi wa gidan ƙofa da tagogi, amma da aka tashi ba da abin da tsoho ya fi so, sai aka tsallake shi.

Shekaru suka wuce. Dab da rasuwar tsohon, Baƙa ta yi haihuwarta ta ƙarshe. Ta tsufa sosai, don haka guda ɗaya ce tak ta rayu cikin 'ya'yan, mace, ja-ja haka kamar ƙarfen da ruwa ya doka. Bayan an yi rashin tsoho, ita ma Baƙa ba ta daɗe ba.

Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ta sa aka kai wa Babba 'yar kwikwiyar. Ya karɓa, ya sa mata suna Tsatsa. A ransa kuwa cewa ya yi, ni ragowa aka ba.

Ita dai Tsatsa ba ruwanta da wannan tunanin. Tun tana tangal-tangal take bin ƙafarsa. Kullum da safe tana gaba yana baya har shago, ta shige ƙarƙashin bencin aiki ta kwanta. Da kanta ta koyi juya fuska bango duk sanda ya kunna wuta a jikin ƙarfe, in ya ɗage tabarau kuma ta juyo tana kaɗa wutsiya.

Mutumin da ba ya hira da kowa sai ga shi yana hira da karya. Matarsa, wadda ke sayar da ƙanƙara a gida, takan tsokane shi ta ce duk ranar da take son ganin haƙoran maigida sai ta aiki Tsatsa. Shi kuma ya harare ta, ya ce ta je ta ji da firjinta.

Wallahi yana son karyar nan, wannan ba a musu. Sai dai akwai abin da ya fi wannan son ƙarfi a ƙirjinsa, kuma shi ne ya jawo duk abin da za ku karanta.

Wata rana yana tsakar aiki wayarsa ta dinga ƙara. Ya cire safar hannu ya duba, sai ya ga gurup ɗin dangi ne ya kacame. Auta ya sa hoton karyarsa, wadda ake kira Farar Ƙafa, ya rubuta cewa ta gama girma, an kai ta barbara, in Allah ya yarda ana sa ran 'ya'ya.

Nan take kawu ya ce a ajiye masa namiji. Ɗan gwaggo ya ce shi ma yana layi. Wasu da ko kaza ba su taɓa kiwo ba duk suka zama masu son kare. Sai ga saƙon muryar Inna, tana cewa jinin Baƙa zai ci gaba ta hannun Auta, Allah ya yi wa Auta albarka, da mahaifinsu yana raye da ya yi farin ciki.

Babba ya saurari saƙon nan, ya sake saurara, ya kuma sake. Kowane sauraro sai ya ji kamar ana zuba masa garwashi a ƙirji. Ranar ya lalata ƙarfe mai kyau saboda hankalinsa ba ya jikinsa.

Ba a jima ba, wata safiya ya ga ɗigon jini a ƙasan shago. Ya ɗauka Tsatsa ta taka guntun ƙarfe. Ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, babu ko ƙwarzane. Sai ya lura ta kasa zama wuri guda, tana yawan lasar jikinta, ga karnukan unguwa da bai taɓa gani ba sun fara zarya a ƙofar shago.

Ya ɗauke ta ya kai wa likitar dabbobi. Likitar mace ce mai gajeriyar magana, ba ta kwana-kwana. Ta duba Tsatsa ta ce lafiyarta lau, lokacin barbararta na farko ne ya zo. Ta ce ya killace ta na 'yan makonni har abin ya wuce, kada ya bari namiji ya kusance ta.

Babba ya gyara tsayuwa, ya tambaya ko in mutum yana son 'ya'ya fa.

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi. Ta ce, "Wannan ko shekara ba ta cika ba. Ƙugunta bai buɗe ba, ƙashinta bai gama ƙwari ba. Ita kanta 'yar kwikwiyo ce, tsawo kawai ta yi. Ka bari ta wuce wannan, ta wuce na gaba, sai ka dawo mu yi magana."

Ya ce ai ya ga wasu suna yi kuma ba abin da ke faruwa. Ta ce haka ne, wasu kan tsallake, wasu ba sa tsallakewa, musamman in namijin ya fi macen girma sosai, don 'ya'yan kan ɗauko girman uban su kasa fitowa. Ta ce ita dai ta faɗa masa gaskiya.

Da farko ya ji magana. Ya dawo gida ya haɗa mata keji na ƙarfe a bayan ɗaki, mai faɗi, da rufi, da sakata mai kyau. Matarsa ta ji daɗi, har ta ce yau walda ta yi rana.

A ƙarshen makon ya je gaida Inna, ya tarar da Auta a zaune kusa da ita. Hirar duk ta Farar Ƙafa ce. Tana cin abinci? Ta fara nauyi? An gyara mata wurin kwana? Sai da Inna ta gama kaf, sannan ta juyo ta ce wa Babba, taka fa, tana nan dai ko?

Tana nan dai ko. Shi ke nan abin da Tsatsa ta samu.

Babba ya ce ai tasa ma ta shiga lokacin barbara, in ya ga dama shi ma 'ya'ya zai samu.

Auta ya ɗago da sauri. Cikin ladabi ya ce, "Yaya, don Allah a bar ta tukuna, ta yi ƙanƙanta. Ni Farar Ƙafa sai da na daɗe ina jira. In ta haihu lafiya, kai za ka fara zaɓa kafin kowa."

Ku duba fa, maganar alheri ce ƙanen nan ya yi. Amma zuciyar da ƙyashi ya cika ba ta jin magana yadda aka faɗe ta. Abin da Babba ya ji shi ne, ka zauna ka jira, ni zan ba ka. Wato Auta ne zai zama mai rabon jinin Baƙa, shi kuma ya shiga layi bayan kawu da ɗan gwaggo.

Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce ya gode, bai kai ga roƙon kwikwiyo ba tukuna. Ya sa takalmi ya fita, ko shayin da Inna ta sa a zuba masa bai taɓa ba.

A hanya ya tuna da wani mai gidan mai da ya taɓa yi wa ƙofa. Mutumin yana da wani ƙaton kare irin na waje, kai kamar tukunya, in ya yi haushi sai tagogi su amsa. Babba ya tsaya cak a bakin titi. Ya ce a ransa, in Tsatsa ta haifi 'ya'yan wannan, wa zai ƙara kallon na Auta? Abin da likita ta faɗa don ta tsoratar da shi, shi ne ya zama abin da ya ja shi.

Ya kira mai gidan man, mutumin ya ce ba damuwa, ya kawo ta.

Da ya gaya wa matarsa, ta rufe firji ta tsaya tana kallonsa. Ta tuna masa abin da likita ta ce, ya ce likitoci sun saba tsorata mutane. Ta ce to me ake ci na gaggawa, ya ce ita ba za ta gane ba.

Sai ta ce, "Baban yara, kai ne fa kake korar mutane a shago in sun ce ka rataya ƙofa siminti bai bushe ba. Yau kai ne za ka ɗora wa wannan 'yar abin da ya fi ƙarfinta?"

Maganar ta soke shi, shi ya sa ya hau faɗa. Ya ce ƙarfe daban, kare daban. Ya ce dama ya lura kwanan nan bakinta da na Auta ɗaya ne, kowa so yake ya zauna a baya yana tafa wa ƙanensa. Matar ta ƙyale shi, don ta san in ya hau wannan dokin ba mai sauke shi. Ta ce Allah ya kyauta, ta koma ɗaki.

Washegari ya buɗe kejin da ya ƙera da hannunsa, ya sa wa Tsatsa igiya. Ta fito tana tsalle, ta ɗauka shago za su. Da suka isa gidan mai gidan man ta ji haushin ƙaton nan, sai ta maƙale a ƙafar Babba ta ɗago kai tana kallonsa. Ya ga kallon, ya kau da kai, ya miƙa igiyar.

Bayan 'yan makonni Farar Ƙafa ta haihu lafiya. Gurup ɗin dangi ya sake kacamewa da hotuna. Inna, da ciwon gwiwarta da komai, ta sa aka kai ta gidan Auta ta gani da idonta. Babba bai je ba, ya ce aiki ya yi masa yawa. A gurup kuwa kalma ɗaya ya rubuta, madalla.

Amma ya buɗe hotunan ya ƙare musu kallo, yana neman aibu. Ya je ya samu maƙwabcinsa mai faci ya ce masa a jira a ga nasa, kan ɗaya kaɗai zai kai girman na Auta gaba ɗayansa. Mai faci ya ce Allah ya nuna mana, ya ci gaba da duba tayarsa.

Ita kuwa Tsatsa ciki ya yi mata girma fiye da kima. Ƙafafunta suka zama sirara, in ta yi taku kaɗan sai haki. Ta daina bin sa shago. Da safe takan raka shi zuwa ƙofar gida, ta tsaya, ta bi shi da ido har ya sha kwana.

Matarsa ta ce ya mayar da ita wurin likita a duba. Ya ce sai gobe. Goben ta zo ya ce sai jibi. Gaskiyar magana, kunyar haɗa ido da likitar yake ji.

Ranar da naƙuda ta zo, da hantsi ta fara. Babba ya fasa zuwa shago, ya jawo kujera ya zauna a bakin keji, waya a hannu, yana jiran ya ɗauki hoton ɗan fari ya tura gurup. Har ya tsara abin da zai rubuta a ƙasan hoton.

Tsatsa ta yi ta yunƙuri. Ta tashi, ta zagaya, ta kwanta, ta yi nishi, babu abin da ya fito.

Matar ta ce a kira likita. Ya ce haihuwar fari takan ɗauki lokaci. Rana ta take, matar ta dawo ta ce to a kira Auta, tunda shi ya ga haihuwar tasa kwanan nan, ya san abin da ake yi. Babba ya daka mata tsawa, ya ce in ta kira Auta ranta zai ɓaci. Yana gani karyarsa na shan wuya, amma abin da ke cin sa shi ne kada ƙanensa ya zo ya same shi a haka.

Rana ta karkata. Tsatsa ta daina yunƙurin ma. Ta miƙe a gefe guda, harshe a waje, idonta a kan Babba. Ya kira sunanta, ta ɗan motsa wutsiya sau ɗaya.

Matar ba ta ƙara tambayarsa ba. Ta shiga ɗaki ta kira Auta.

Kafin wani lokaci sai ga Auta da motar maƙwabcinsa, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, ko cire shi bai tsaya yi ba. Ya leƙa kejin, ya dubi yayansa. Bai ce ai na faɗa ba, bai ce komai mai kama da haka ba. Ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa, ya ce, "Yaya, kama ta nan, a hankali."

A asibitin dabbobi likitar ta taɓa cikin, ta tambaya tun yaushe. Babba ya ce tun hantsi, murya can ƙasa. Ta dube shi na ɗan lokaci, ba ta yi masa faɗa ba, kuma wallahi da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ta sa aka shiga da Tsatsa ɗakin tiyata.

Suka zauna a benci, wa da ƙane.

Da likitar ta fito, ta ce ƙaton ɗa ne ya tokare hanya, ya mutu tun tuni, ya kuma hana sauran fitowa. Guda ɗaya ce ta rayu, mace, ita ce ƙarama a cikinsu. Tsatsa kuwa ta galabaita kafin a kawo ta, jikinta bai iya ɗauka ba, ba ta farka ba.

Babba ya ce inna lillahi, sai bakinsa ya kasa ƙarasawa. Ƙaton mutum, mai lanƙwasa ƙarfe da hannu, ya sa fuska a tafin hannunsa yana kuka kamar yaro. Ya san ba ciwo ne ya kashe ta ba, ba mota ba ce, ba guba ba. Shi ne ya buɗe kejin.

Aka miƙo masa 'yar kwikwiyar a cikin tawul. Ba ta cika tafin hannunsa ba, kuma ja-ja ce kamar uwarta. Likitar ta ce ana iya gwada ba ta madara a kwalba, amma wadda ta fito a wannan hali ba kasafai take rayuwa a haka ba. Abin da ya fi shi ne a samu karya mai shayarwa.

Duk su biyun sun san inda karya mai shayarwa take. Babba ya kasa ɗaga kai, ya kasa buɗe baki ya roƙa.

Auta ya miƙe ya ce, "Yaya, tashi mu je gida, kada ta yi sanyi."

A bayan ɗakin ɗinkin Auta, Farar Ƙafa na kwance a kan tarin guntayen yadi da ya shimfiɗa mata, 'ya'yanta ɓul-ɓul suna ta hawa kanta. Da ta ji warin baƙuwa sai ta ɗaga leɓe ta fara gurnani. Babba ya ja baya, ya ce ba za ta karɓa ba.

Auta ya ce a yi haƙuri. Ya zaro guntayen yadi daga ƙarƙashin 'ya'yan, masu ɗauke da warinsu, ya goge 'yar marainiyar da su tun daga kai har wutsiya. Ya janye uwar gefe, ya cusa ƙaramar a tsakiyar sauran, ya bari suka yi ta birgima a kanta. Sannan ya dawo da Farar Ƙafa yana shafa kanta yana yi mata magana a hankali.

Ta shinshina baƙuwar, ta sake shinshinawa. Sai ta sa harshe ta fara lasarta.

Amma da sauran aiki. 'Ya'yan Farar Ƙafa sun girme ta, sun fi ta ƙarfi, da ta kama nono sai su ture ta. Dole sai wani ya tsuguna ya riƙe ta a kan nonon, ya tare sauran da ɗaya hannun, kuma sau da yawa a yini. Auta yana da ɗinkin mutane a gabansa. Babba ya ce shi zai riƙa zuwa.

Haka aka yi. Mutumin da ya ƙi taka gidan nan don kada ya ga 'yan kwikwiyon Auta, sai ga shi kullum a tsugune a tsakiyarsu, suna cizon yatsunsa da wasa, yana lallaɓa su. Karyar da ya shekara yana jin zafin sunanta, ita ke shayar da abin da ya rage masa.

Wata rana da yamma yana tsugune a haka sai ga Inna an kawo ta. Aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon 'yar ja ɗin nan, sannan ta ce Allah ya raya, ta yi masa jaje.

Babba bai juyo ba. Tambayar da ya yi shekara da shekaru yana haɗiyewa ta fito da kanta. Ya ce, "Inna, me ya sa Baba ya tsallake ni ya ba Auta ta farko?"

Inna ta dube shi kamar ba ta gane ba. Sai ta ce ashe wannan ne a ransa duk tsawon lokacin nan? Ta ce ai lokacin ɓarayi sun fasa shagon Auta sun kwashe kayan mutane, Auta ya kasa barci don tsoro. Mahaifinsu ya ce Babba ƙarfe ne a hannunsa, zai iya tsare kansa, Auta kuwa allura kawai ya sani, shi ke buƙatar kare. Ta ce da ya tambaya, da tuni ya ji.

Ta gyara mayafinta, ta ci gaba da cewa, "Ita kuwa Tsatsa, ba ni na zaɓa maka ba. Babanku ne, yana kwance. Ya ce wannan ita ce ta ƙarshen Baƙa, babu wata bayanta, kada a ba kowa sai Babba. Ya ce duk cikin 'ya'yansa kai ne ka san jiran abu ya yi ƙwari."

Babba ya sunkuyar da kai. Hannunsa na riƙe da 'yar kwikwiyar a kan nono, ba halin ya saki ya share fuska, hawayen suka yi ta sauka a kan guntayen yadin. Auta, da ke tsaye a bayansa, ya juya ya koma kan kekensa, ya bar yayansa da Inna.

Kafin ya tafi ranar, Babba ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki ya ce wa ƙanensa ya yafe masa. Auta ya ce shi bai riƙe shi da komai ba, ya dai zo da wuri gobe, don ƙaramar ta fi jin yunwa da safe.

'Yar kwikwiyar ta rayu. Yanzu haka tana bin sa shago, kuma ya ce ko wa zai zo da wane irin kare, sai ta gama girma tukuna. Amma har yau bai iya sa mata sunan uwarta ba.

Mai faci ya ce kwanan baya wani ya zo yana matsa wa Babba ya rataya masa ƙofa a sabon gini. Babba ya ɗage tabarau, ya buɗe baki zai yi jawabin nan nasa na ginshiƙi ɗanye, sai idonsa ya faɗa ƙarƙashin benci. Daga ƙarshe abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Malam, ka jira. Don Allah ka jira."

Darasi: Ƙyashi ba ya taɓa wanda kake yi wa, abin da ke hannunka yake fara cinyewa. Babba ya san gaskiya sarai, kullum ma shi ke koya wa mutane ita, amma da idonsa ya koma kan rabon ɗan'uwansa sai ya sadaukar da amanar da aka ba shi don kawai a ce nasa ya fi. In wani abu na cin ranka game da ɗan'uwanka, buɗe baki ka tambaya tun kafin ya sa ka yi abin da ba ya gyaruwa. Kuma dabbar da ke hannunka rai ce, ba abin gasa ba, in masana sun ce a jira, a jira. Tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda hannunsa ke kan sakatar keji yanzu haka.